Yadda Ake Gina Gada a Cikin Kogo: Darasi Daga Wasan Dwarf Fortress

Darasinmu na wannan makon a kan gada yake, kuma a ƙarƙashin ƙasa za mu gina ta, a cikin wani wasan kwamfuta mai suna Dwarf Fortress. Wanda bai taɓa ganin wasan ba kada ya wuce, domin da littafin lissafi mai gida-gida da fensir zai iya bin komai har ƙarshe. Tambaya ɗaya ce za ta riƙa dawowa a darasin, kuma ita nake so kowa ya tafi da ita gida: me ke riƙe da wannan ginin?

Wane wasa ne wannan?

Wasu 'yan'uwa biyu ne 'yan Amurka, Tarn Adams da yayansa Zach Adams, suka ƙirƙiro shi. Sun fara aikinsa a 2002, suka fitar da shi kyauta a intanet a 2006. Tarn ya yi digirin digirgir a fannin lissafi a Jami'ar Stanford, saboda haka ba abin mamaki ba ne da wasan ya cika da ƙirge-ƙirge. Da farko babu hotuna a cikinsa, haruffa da alamomi ne kawai suke wakiltar mutane da dabbobi da duwatsu. A 2012 wani babban gidan adana kayan fasaha na birnin New York, wato MoMA, ya sa shi cikin wasanni 14 da ya zaɓa ya adana, tare da Tetris da Pac-Man. A watan Disamba na 2022 aka fitar da sabon samfuri mai hotuna, wanda ake saye a Steam. Wanda ya ƙirƙiro Minecraft ma ya ambaci wannan wasan cikin waɗanda suka ba shi tunani.

Ana fara wasan da wadanni bakwai. A tatsuniyoyin Turai, waɗannan wasu gajerun halittu ne masu dogon gemu, gwanayen haƙar dutse da ƙira. Mai wasa ba ya tuƙa su ɗaya bayan ɗaya. Umarni yake bayarwa: a haƙa nan, a gina can, a yi noma a wancan ɗaki. Su kuma sai su yi aikin idan sun samu lokaci da kayan aiki da hanya. Duniyar wasan a rarrabe take gurbi-gurbi kamar filin dara, kuma tana da hawa-hawa, daga sararin sama har can ƙarƙashin ƙasa.

Me ya kai mu cikin kogo?

Idan masu haƙa suka yi ta nutsawa, za su fasa cikin manyan kogwanni. A ƙa'ida hawa uku ne na kogwanni, wani a ƙarƙashin wani, sannan a ƙasansu akwai tekun narkakken dutse. A cikin kogo akwai arziki: ruwa, da manyan itatuwa irin na naman kaza waɗanda ake sarewa a yi katako, da saƙar gizo-gizo da ake mayarwa siliki, da duwatsu masu daraja. Akwai kuma haɗari: ƙaton gizo-gizo mai ɗaure mutum da saƙarsa, da manyan jemagu, da wani dodo da ake kira turol mai fasa ƙofofi, da wasu manyan namun da wasan ke kira “dabbobin da aka manta da su”. Wasan da kansa yake haɗa siffar kowacce, wata ta zo da fukafukai, wata da wuta a baki, wata da ƙura mai guba.

Ƙasan kogo ba a shimfiɗe yake ba. Akwai ramuka masu zurfi da tafkuna da gangare. Sau da yawa mai wasa zai hango abin da yake so a wancan gefen, ga kuma rami a tsakani. A nan ne aikin gada yake tasowa.

Doka ta farko: komai sai da madogara

Wasan yana da doka mai sauƙin faɗa. Duk wani bango ko daɓe dole ne ya kasance a manne da wani abu da shi ma yake manne, har a kai ga ainihin jikin ƙasa. Mannewar da ake ƙirgawa ita ce ta gabas, yamma, kudu, arewa, ko sama da ƙasa. Idan gurbi biyu sun haɗu ta kusurwa kawai, wasan ba ya ɗaukar cewa ɗaya yana riƙe da ɗaya.

Ku gwada a takarda. Ku cika gida ɗaya da fensir, ku kira shi dutse. Ku cika wanda yake damansa daidai, wannan yana da madogara. Yanzu ku cika wani wanda tsininsa kaɗai yake taɓa tsinin dutsen. A ido kamar sun haɗu, amma a dokar wasan wannan na uku a iska yake.

Duk abin da ya rasa madogara nan take yake ruftawa. Yana kashe wanda ke ƙarƙashinsa, yana iya fasa daɓen da ke hawan ƙasa ya wuce, sannan ya tayar da ƙura mai ƙarfi wadda take sumar da waɗanda ke kusa, ta jefar da su gefe. A bakin rami, wanda ƙura ta jefar gefe ya tafi ke nan. Gwanin magini da ya shekara yana koyon aiki yana iya salwanta saboda gurbi ɗaya da aka sa ba bisa ƙa'ida ba.

Daɓe daban, gada daban

Hanyoyi biyu ake bi a ƙetare rami, kuma wajibi ne a bambanta su.

Ta farko ita ce ginannen daɓe. Ana sa shi gurbi ɗaya bayan ɗaya, kowane gurbi yana cin bulo ɗaya. Magini yana tsayawa a kan na baya ya sa na gaba. Daɓe yana riƙe da ɗan'uwansa, kuma ana iya jingina bango da shi. Matsalarsa ita ce ba ya motsi. Da zarar an gama shi, hanya ta buɗe dare da rana.

Ta biyu ita ce gada ta ainihi. Ita ana tsara ta ne gaba ɗaya a matsayin abu guda, tana cin kaya kaɗan, kuma ana iya haɗa ta da liba, wato sandar da ake ja don a buɗe ko a rufe. A fitowar wasan da suka gabaci ta 2022, gada ɗaya ba ta wuce gurbi 10 a tsawo da gurbi 10 a faɗi.

Ga wurin da ya kamata a ja layi a ƙarƙashinsa: gada tana ɗaukar ƙafa, amma ba ta ɗaukar gini. Wadanni da dabbobi za su bi ta kanta lafiya lau. Amma idan aka sa bulon daɓe ko bango a gefenta, ba tare da ya taɓa wani abu mai madogara ba, yana kammaluwa zai rufta. Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne magini ba zai ƙi aikin ba. Zai tsaya a kan gadar, ya sa bulon, ƙura ta tashi a gabansa. Don haka tunanin yana wuyan mai ba da umarni.

Gada iri biyu ce

Akwai gada mai tashi. Idan aka ja liba, sai ta ɗaga ta tsaya a gefe ɗaya ta zama bango. Tun wajen tsara ta ake zaɓar gefen da za ta tashi, kuma wannan gefen shi ne gindinta, don haka a ɗora shi a kan ƙasa mai ƙwari ko ginannen daɓe. Wanda yake kanta lokacin da ta tashi, za ta wurga shi. Wanda yake inda za ta sauka kuwa, za ta murƙushe shi har ba a ga gawarsa ba.

Akwai kuma gada mai janyewa. Ita idan aka ja liba sai ta ɓace, wanda ke kanta ya faɗa ramin. Ba ta barin bango a bayanta.

Idan ana son a toshe hanya, mai tashi ce ta dace. Idan tarko ake so, mai janyewa ta fi. Sai dai duka biyun suna da iyaka: idan wata ƙatuwar dabba mai tsananin girma tana tsaye a kan gada, gadar ba za ta motsa ba ko an ja liba.

Mu yi lissafi

A ce raminmu yana da faɗin gurbi 20, kuma muna aiki da dokar gurbi 10. Gada ɗaya ba za ta kai ba. Ga dabarar: mu miƙo daɓe mai tsawon gurbi 6 daga wannan gefe, da wani mai gurbi 6 daga wancan. Saura gurbi 8 a tsakiya. Gada mai tsawon 10 za ta rufe su, layi ɗaya yana zaune a kan daɓen nan, layi ɗaya a kan na can.

Faɗin hanya kuma gurbi 3 za mu yi. A hanya mai gurbi ɗaya, idan biyu suka haɗu sai ɗaya ya kwanta ɗaya ya tsallake shi, aiki ya yi ta jinkiri. Sannan wadanni suna gocewa idan aka kawo musu sara, kuma wanda ya goce a siririyar hanya cikin rami zai samu kansa. Saboda wannan ne ma za mu sa bango a gefunan daɓen.

Dutse ɗaya idan aka kai wa mai sassaƙa yana ba da bulo 4. Bulo ya fi dutse sauƙin ɗauka, kuma ginin da aka yi da shi ya fi saurin kammaluwa. To ga ƙirgen:

Daɓe: 6 × 3 = 18 a kowane gefe. Gefe biyu, bulo 36.

Bango: 6 a dama, 6 a hagu, wato 12 a kowane gefe. Gefe biyu, bulo 24.

Gada: 10 × 3 = gurbi 30. Ƙa'idar kayan gada ita ce a raba yawan gurbi da 4, a yar da abin da ya saura, a ƙara 1. Talatin a raba da huɗu ya ba da 7, saura 2. A yar da 2, a ƙara 1, ya zama bulo 8.

Jimlar bulo: 36 + 24 + 8 = 68. A raba da 4, duwatsu 17.

Saura na'urorin haɗi, waɗanda makaniki yake yi da dutse ɗaya kowacce. Liba tana cin ɗaya, haɗa ta da gada yana cin biyu, ɗaya a jikin liba ɗaya a jikin gada. Duwatsu 3 ke nan. Aikin gaba ɗaya yana buƙatar duwatsu 20.

Ku lura da wani abu. Gurbi 30 na gada bulo 8 suka ci, alhali da daɓe ne da sun ci 30. Arahar gada tana jan hankali, amma ku tuna cewa ba a jingina komai da ita.

Matakan aiki

1. A tsayar da wasan a duba wurin sosai, hawan sama da hawan ƙasa. A san abin da ke cikin ramin: ruwa ne, dutse ne, ko narkakken dutse.

2. A zaɓi kaya. Katako yana cin wuta, kuma a kogo akwai masu hura wuta. Idan ginin zai taɓa narkakken dutse, sai an yi amfani da abin da ba ya narkewa a cikinsa, kamar ƙarfe ko dutsen basalt, har da na'urorin haɗin.

3. A tara bulo a ma'ajiya kusa da bakin ramin kafin a fara. Magini mai kai da komo daga nesa yana daɗewa a fili, kuma daɗewa a kogo haɗari ne.

4. A gina liba tun da wuri, a cikin sansani, kusa da ɗakin cin abinci inda ba a rasa wanda zai ja ta. A sa mata suna don kada a rikita ta da wata.

5. A miƙa daɓe daga gefen sansani, layi bayan layi. Kada a ba da umarnin layi na gaba sai na baya ya kammala.

6. A gina gada, gindinta a gefen sansani. Tunda daɓen wancan gefe bai samu ba tukuna, bakinta zai tsaya a iska na ɗan lokaci, kuma gindin ya isa ya riƙe ta. A nan ne ake yawan yin ɓarna: kada a fara daɓen can daga bakin gada, domin ba shi da madogara. Daga jikin dutsen wancan gefe ake faro shi. Idan babu hanyar zagayawa can, a fara miƙa siririn daɓe mai faɗin gurbi ɗaya tun daga wannan gefe har ya taɓa dutsen can, a yi aikin, sannan a cire tsakiyarsa daga baya. Wajen cirewa a tabbatar kowane ɓangaren da zai saura yana manne da dutse, kuma ba a bar kowa a ƙetare ba.

7. A haɗa gada da liba, a jira lokacin da babu kowa a kanta, a gwada. Gada ba ta amsawa nan take. Tana jinkirin bugu 100 na agogon wasan bayan an ja liba, saboda haka wanda ya jira sai dodo ya taka gada ya makara.

Hanyarka hanyar maƙiyinka ce

Gadar da ta kai ka wurin siliki ita za ta kawo gizo-gizon gidanka. Ɗaga gadar tsakiya yana tsayar da masu tafiya a ƙasa, amma jemage da duk wani mai fukafukai zai bi ta sama ya wuce. Tun fitowar 2014 ma halittu da yawa suna iya hawa bango da tsalle.

Maganin wannan shi ne ƙaramar gada ta biyu, mai tashi, a cikin ramin da aka haƙa daga sansani zuwa kogo, inda dutse ya kewaye hanya ta dama da hagu da sama. Idan ta tashi a nan, ta toshe hanyar ruf, ko ruwa ba ya wucewa. Ƙofar katako ko ta dutse turol yana iya fasa ta, shi ya sa masu wasa suka fi dogara da gada a irin wannan wuri. Rigakafi ya fi magani, kuma ƙarin duwatsu kaɗan ne kuɗinsa.

Inda wasa ya rabu da gaskiya

Yanzu mu fito daga kogo, domin akwai abin da wasan ya bari a baya. A cikinsa ba a auna nauyi. Muddin akwai mannewa, daɓe mai gurbi 100 zai tsaya a iska yana rataye da gurbi ɗaya tak. A duniyar da muke ciki, mannewa kaɗai ba ta isa ba.

Ku ɗauki rula ta roba, ku danne ƙarshenta ɗaya a bakin tebur, sauran ya fito waje. Ku ɗora magogi a ɗaya ƙarshen. Idan abin da ya fito gajere ne, rula ba za ta nuna komai ba. Ku ƙara turo ta waje, za ku ga tana lanƙwasa, ko da yake magogin bai ƙara nauyi ba. Nisa ne ya ƙaru. A wannan hali saman rular ana jan sa ne, ƙasanta kuma ana matse shi, kuma wahalar ta fi yawa a wurin da ta haɗu da tebur. Kankare yana jure matsi sosai amma ba ya jure ja, shi ya sa magina suke sa rodi a cikinsa. Maginan gargajiya ma sun san haka. Azara ɗaya tana da iyakar faɗin da za ta ɗauki rufin ƙasa, idan ɗaki ya fi haka sai a nemi ginshiƙi ko a yi baka.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan lissafin nauyi ya kuskure. A ƙasar Kanada an yi aikin wata babbar gada a kan kogin St. Lawrence kusa da birnin Quebec. Irin ginin da ake miƙo hannu daga kowane gefe ne, kamar daɓenmu na cikin wasa. Ainihin nauyin ƙarafan ya fi wanda aka ƙirga a takarda. An ga wasu ƙarafa sun fara lanƙwasa, amma aiki bai tsaya a kan lokaci ba. Ranar 29 ga Agusta, 1907, ɓangaren kudu ya rushe, ma'aikata 75 suka mutu. Aka sake sabon tsari, a 1916 tsakiyar gadar ta faɗi lokacin da ake ɗaga ta, mutum 13 suka rasu. Sai a 1917 aka kammala ta, kuma har yau tana aiki, da tazarar mita 549 tsakanin manyan ginshiƙanta biyu.

Masu Dwarf Fortress suna da kirari cewa shan kashi ma nishaɗi ne, domin idan sansani ya rushe sai a fara wani. Ma'aikatan Quebec ba su samu damar farawa ta biyu ba. Don haka injiniya na gaske yana yin tambayoyi biyu. Ta farko ita ce tamu: me ke riƙe da shi? Ta biyu: nauyi nawa zai iya ɗauka, kuma har tsawon wane lokaci? Ko katakon da aka gitta a kan kwata lokacin damina ya cancanci a yi masa tambayoyin nan kafin a ɗora ƙafa, musamman idan da ƙani a hannu.

Aikin gida

1. A misalinmu, gurbi 8 na tsakiya ba su da bango a gefe. Bulo nawa za a ƙara idan ana son bango a dama da hagu, kuma duwatsu nawa ke nan?

2. Daga ina ya kamata a faro wannan bangon don kada ya rufta, kuma me ya sa?

3. Gada mai tsawon gurbi 7 da faɗin gurbi 5 bulo nawa za ta ci?

4. Rami yana da faɗin gurbi 14. Ku zana tsarinku a takarda mai gida-gida, ku nuna daɓe da gada da gindinta da inda liba take.

A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Zanen da ya fi kyau za mu liƙa shi a nan mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Muna kuma roƙon malaman fasaha da na lissafi su taimaka mana wajen dubawa. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.